Babi na 6: Guo Kan da Garuruwan da Ya Ci a Takarda

Duk wanda ya karanta labarin faɗuwar Bagadaza a littattafan Larabci ya san sunayen da ke yawo a cikinsa: Hulaku jikan Jankis Khan, halifa Musta'asim, waziri Ibnul Alƙami da ake ta jifa da zargin cin amana, da watan Safar na shekarar 656 ta Hijira, wanda ya zo daidai da Fabrairun 1258. A ƙasar Sin kuwa akwai wani suna da ake ɗorawa a kan waɗannan, wato Guo Kan, sarkin yaƙi Basine da aka haifa a 1217, ya rasu a 1277. A yau sunansa ya bazu cikin littattafan tarihin yaƙi na kasuwa da fina-finan bayani, inda ake cewa shi ne ya jagoranci ma'abota manjaniƙi, wato manyan majaujawun nan masu jifa da duwatsu, har ganuwar Bagadaza ta tsage. Wasu ma sukan ƙara gishiri su ce Hulaku ya naɗa shi gwamnan birnin. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kusan duk abin da ake faɗa game da tafiyarsa ta yamma daga rijiya guda aka ɗebo shi: tarihin rayuwarsa da ke babi na 149 na littafin Yuan Shi, tarihin hukuma na daular Yuan. Idan igiyar wannan guga ta tsinke, babu wata rijiyar a kusa.

Littafin ya fara da asali, kamar yadda al'adar irin wannan rubutu take. Ya ce gidan su Guo Kan jinin Guo Ziyi ne, shahararren janar ɗin daular Tang da ya taimaka wajen murƙushe tawayen An Lushan a ƙarni na 8. Kakansa Guo Baoyu ya miƙa wuya ga Mongolawa tun zamanin Jankis Khan, ya kuma bi shi yaƙin tsakiyar Asiya. Shi kansa Guo Kan ya tashi ne a gidan Shi Tianze, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin Sinawa da ke yi wa Mongolawa aiki, ya yaƙi daular Jin yana saurayi, har ya kai muƙamin shugaban dakaru 1,000. A 1252 ya kai kayan yaƙi Karakorum, daga nan ya bi Hulaku. Har zuwa wannan gaɓa babu abin da zai sa mutum ya ɗaga gira. Daga nan ne labarin ya saki linzami. Ya ce ya ci garuruwa 128 na Isma'ilawan Iran, ya girka manjaniƙi ya buɗe tungar Girdkuh a 1256, ya karya Bagadaza, ya tare halifa a kan ruwa yana ƙoƙarin tserewa har ya miƙa wuya, aka sami garuruwa fiye da 300. Ya zarce ƙasar da ya kira Tianfang, sunan da Sinawa ke kiran Makka da kewayenta, ya ci garuruwa 185. Ya shiga Misra sarkinta ya sallama. Ya haye teku zuwa ƙasar Fulang, wato Faranjawa, sarkinsu ma ya sallama. Ya juyo ta Shiraz har Kirman. Kuma a Misra da Fulang sai da aka sa wa sarkin wurin magana a baki, yana rantsuwa cewa wannan janar na gabas ya wuce ɗan Adam. Kunnen Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa sunan wannan salo. Kirari ne, kuma shi kirari ba a kai shi gaban alƙali a matsayin shaida.

Gefen labarin na can yamma bai cancanci dogon bayani ba, domin da kansa yake rushewa. Rundunar Mongol ba ta taɓa taka Makka ba, ba ta taɓa shiga Misra ba. Hulaku bai fuskanci Sham ba sai ƙarshen 1259, Halab ta faɗi a Janairun 1260, Dimashƙa ta bi ta a watan Maris. Da ya aika wa Ƙuɗuz sarkin Misra manzanni yana neman mubaya'a, kashe su aka yi, sannan a ranar 3 ga Satumba 1260 Ƙuɗuz da kwamandansa Baibars suka ragargaza rundunar Kitbuƙa, kwamandan Hulaku, a Ainu Jalut. Yuan Shi kuwa ya ajiye sallamawar Misra kafin al'amuran shekarar 1258, lokacin da ko Ƙuɗuz bai hau gadon sarauta ba. Faranjawan da suka bi Hulaku, irin su Bohemond na 6 mai Antakiya, sun bi shi ne don lissafin siyasa, tare da surukinsa Hetum sarkin Armeniyawan Kilikiya, kuma a kan tudu suke, babu tekun da aka haye. Shiraz ma ba a yaƙe ta a lokacin ba, domin sarkinta Abubakar bin Sa'ad ya riga ya sayi zaman lafiya da biyayya da haraji.

Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: marubucin da yake zaune a Sin, bai san Makka ba, bai san Misra ba, ina ya samo sunayen? A nan ne wani ɗan ƙaramin rubutu yake shigowa. A 1259 babban Khan Mongke ya aiki wani manzo mai suna Chang De zuwa wajen ƙanensa Hulaku. Bayan dawowarsa, wani malami Liu Yu ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, a 1263, cikin ƴar maƙala da ake kira Xishi Ji, ma'ana labarin aike zuwa yamma. Emil Bretschneider, likitan ofishin jakadancin Rasha a Beijin, ya fassara ta a ƙarni na 19, ya kuma jera ta kusa da tarihin Guo Kan, kuma tun daga lokacin kamannin da ke tsakaninsu suka daina ɓoyuwa. Maƙalar ta bayyana ƙasar Isma'ilawa, sai ta yi maganar Kashmir, sai Bagadaza, sai Makka, sai Misra, sai ƙasar Faranjawa a hayin teku, sai Shiraz mai lu'ulu'u, can gaba kuma Kirman. A ɗauki tarihin Guo Kan a bi sawun yaƙe-yaƙensa: Isma'ilawa, Kashmir, Bagadaza, Makka, Misra, Faranjawa, Shiraz, Kirman. Jeri ɗaya ne. A wajen Liu Yu jerin yana da ma'ana, domin matafiyi ne ke lissafa ƙasashen da aka ba shi labari, yana tsalle daga wannan zuwa waccan yadda hira ta kai shi. A wajen runduna kuwa jerin hauka ne. Babu sarkin yaƙin da zai taso daga duwatsun arewacin Iran ya nufi Kashmir da ke can gabas, sannan ya juyo ya isa Bagadaza cikin ƴan watanni da dawakai da kayan kakkarya ganuwa. Bayani mafi sauƙi shi ne wani ya ɗauki bayanin ƙasashe ya mayar da shi taswirar yaƙi, duk inda aka ambaci ƙasa sai ya sa Guo Kan ya ci ta, ya ƙirƙiro mata adadin garuruwa.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa babu abin da ke tona asirin ruwayar da aka kwafo kamar kuskure, domin mutum biyu suna iya haɗuwa a kan gaskiya ba tare da sun ga juna ba, amma da wuya su yi tuntuɓe iri ɗaya a kan dutse ɗaya sai in ɗaya yana bin ɗaya. To, a duba Girdkuh. Tunga ce a kan wani tsauni tilo kusa da Damghan, wadda Kitbuƙa ya fara yi wa ƙawanya a 1253, kuma ba ta faɗi ba sai a 1270, bayan shekara 17, lokacin Hulaku ya yi shekara biyar a kabari, Guo Kan kuma ya yi kusan shekara goma da komawa gida. Tungar da aka sallama a Nuwamban 1256 ita ce Maimun-Diz, inda shugaban Isma'ilawa Ruknuddin Khurshah yake, kuma cikin waɗanda suka shiga tsakani akwai Khwaja Nasiruddin Ɗusi, masanin taurarin nan da ya gina ɗakin nazarin sama a Maragha daga baya. Maƙalar Liu Yu ta cakuɗa wuraren biyu, ta sa sallamawar da Khwaja Nasir ya kawo a Girdkuh. Tarihin Guo Kan ya gaji wannan kuskure ɗungurungum, har ya ƙara masa nasa: ya mayar da malamin lissafi kwamandan tunga, wanda duwatsun Guo Kan suka tilasta wa buɗe ƙofa. Haka ma batun halifa. Marubutan Farisa sun tabbatar da cewa Mongolawa sun tare kogin Dijla da gadar jirage da manjaniƙai a ƙasa da birnin, amma sun ce Buƙa Timur ne aka ɗora a wurin, kuma wanda ya yi ƙoƙarin sulalewa ta ruwa aka koro shi shi ne Dawatdar, kwamandan sojan halifa. Musta'asim da ƙafarsa ya fito wajen Hulaku a ranar 10 ga Fabrairu. Liu Yu ya ji labarin a karkace, ya rubuta cewa halifa ne aka kama a jirgi, sai tarihin Guo Kan ya maimaita, ya kuma ce gwarzonsa ne ya girka gadar da ta tare shi. Akwai ma wata ƴar shaida mai ban dariya. Liu Yu ya kawo tatsuniyar da ake yi cewa wani halifa ya yi fama da ciwon kai, likitoci suka gaza, sai wani makaɗi ya ƙera molo mai tsirkiya 72, da jin sautinsa ciwon ya tafi. A tarihin Guo Kan wannan molo ya sake bayyana, tsirkiyarsa 72 cif, amma yanzu ya zama ganimar da aka tsinta a fadar da aka ƙone, fadar da aka ce an gina da itacen ƙamshi har hayaƙinta ya turare ƙasa mai nisa. Itacen ƙamshin ma yana wajen Liu Yu, sai dai shi bai cinna masa wuta don kowa ba.

Mai kare littafin zai ce ai tarihin hukuma ne, malaman fada suka rubuta daga kundin daula. Haka ne, amma sai a dubi yadda aka rubuta shi. Daular Yuan ta bar Beijin a 1368, sarkin farko na Ming ya ba da umarni a 1369, aka ɗora Song Lian da Wang Yi a kan aikin, kuma a zama biyu da jimlarsu ba ta cika shekara guda ba aka gama babi 210. Malaman Sin da kansu, irin su Qian Daxin na ƙarni na 18, sun yi ta kuka da gaggawar da aka yi. Misalin da kowa ya sani shi ne Subutai, mafi shaharar janar ɗin Mongol, wanda aka rubuta wa tarihi sau biyu a babi biyu maƙwabta saboda an rubuta sunansa da haruffa daban-daban, editocin ba su gane mutum ɗaya ba ne. Mutanen da Subutai ya ruɗa ba su ne za su tantance sarakunan Misra ba. Ga kuma abin da aka sani game da tarihin ɗaiɗaikun mutane a irin waɗannan littattafai: yawanci ana ɗauko su ne daga rubutun da iyalin mamaci suka sa aka yi, na dutsen kabari ko na bayanin ayyukansa, wanda ake ba wani malami ya tsara don a ɗaga gidan. Gaggawar ta zama alheri ta wani fanni, domin editocin ba su tsaya goge sawun abin da suka kwafa ba, shi ya sa muke iya ganin ɗinkin.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta shiru. Za a ce, don marubutan Farisa ba su ambace shi ba, ba ya nufin bai yi ba, wataƙila sunan Basine ya yi musu nauyi a baki, wataƙila kuma ba sa son raba yabo da bare. Wannan magana tana da rabo a cikin gaskiya, kuma za mu dawo gare ta. Amma sai a tuna su waye suka yi shirun. Aɗa Malik Juwaini yana cikin tawagar Hulaku a yaƙin Isma'ilawa, shi ne ya shiga ɗakin littattafan Isma'ilawa a Alamut ya zaɓi abin da za a tsirar, kuma daga 1259 shi ya riƙe mulkin Bagadaza sama da shekara ashirin. Bai ɓoye Sinawa ba ko kaɗan. Shi ne ya gaya mana cewa Mongke ya aika ƙasar Khitai, wato arewacin Sin, aka kawo gidaje 1,000 na gwanayen manjaniƙi da masu jifa da wuta, shi ne kuma ya siffanta wani ƙaton baka da suka ƙera, wanda ake kira bakan sa, aka yi ta harbin Maimun-Diz da shi daga nesa. Rashiduddin, wazirin da ya rubuta Jami'ut Tawarikh a farkon ƙarni na 14, ya lissafa wanda ya tsaya a kowace ƙofar Bagadaza, ya ambaci Kitbuƙa da Baiju da Sunjaƙ da Buƙa Timur da ƴaƴan sarautar gidan Jochi, kuma yana da Bolad a kusa da shi, babban jami'in da ya zo daga fadar Kublai, magajin Mongke, har ya rubuta tarihin Sin sukutum. Shirun irin waɗannan mutane game da shugaban dakaru 1,000 ba abin mamaki ba ne, domin irinsa suna da yawa a rundunar. Shirunsu game da wanda ya tare halifa har ya miƙa wuya kuwa ba ya yiwuwa. An yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da cewa ai Guo Kan shi ne Kuka Ilka da Farisawa ke ambata cikin manyan kwamandoji, tunda sunayen suna ɗan kama a kunne. Sai dai Kuka Ilka, ko Koke Ilge, Bamongole ne na ƙabilar Jalayir, a Iran ya zauna, kuma zuriyarsa ce ta kafa daular Jalayir da ta mulki Bagadaza a ƙarni na 14. Kama da wane ba ta wane. Batun gwamna ma haka yake: wanda Hulaku ya bari a matsayin wakilin soja a birnin Ali Bahadur ne, kuma ko Yuan Shi mai yawan kyauta bai ba Guo Kan wannan kujera ba. Marubutan zamani ne suka ɗinka masa rigar.

Wani zai iya juya hujjar kamannin nan ya ce, me zai hana a ce Liu Yu ne ya ji daga bakin Guo Kan, tunda dukansu suna arewacin Sin a 1263? Ba abin da ya hana su haɗu. Amma idan haka ne, to Guo Kan ya ba da labarin Makka da Misra da Faranjawa a matsayin ƙasashen da ake jin labarinsu, bai ce ya ci su ba, domin maƙalar ba ta ce an ci su ba, ba ta kuma ɗora nasarar Bagadaza a kansa ba. Ta kowace hanya aka bi, ƙarin yana ɓangaren tarihin rayuwar ne, kuma ya shigo ne daga baya.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ma tana cikin babin na 149 ɗin kansa, a rabinsa na biyu, inda labarin ya dawo ƙasar da editoci suke da takardunta. Mongke ya mutu a Agustan 1259, Guo Kan ya komo ya sami Kublai, ya gabatar masa da shawarwari a kan tsarin mulki da yadda za a ci daular Song ta kudu. To me aka saka masa da shi? Aikin bincike da shari'a a wata hedikwatar soja, sai riƙon yankin Xuzhou bayan wata tarzoma a 1262, sai muƙaman gunduma, har da hakimcin wata ƙaramar gunduma. Bai kai matsayin shugaban dakaru 10,000 ba sai a zamanin yaƙin Xiangyang, birnin daular Song, shekara goma da ɗoriya bayan Bagadaza. Mongolawa mutane ne da ba sa wasa da sakayyar yaƙi, sukan ba da allon zinariya da gidaje da sarautar gado a kan abin da bai kai cin birni ɗaya ba. Wanda ya durƙusar da halifa da sarkin Misra ba zai dawo ya zauna yana sauraren ƙarar manoma ba. Xiangyang ɗin ma tana da nata abin faɗa. Birnin ya gagari rundunar Kublai kusan shekara biyar, har sai da ya aika wa ɗan ɗan'uwansa Abaƙa a Iran, aka turo masa injiniyoyi Musulmi biyu, Isma'il da Ala'uddin, suka gina manjaniƙi mai aiki da nauyi maimakon jan igiya, wanda Sinawa suka raɗa wa suna manjaniƙin Musulmi, birnin ya sallama a 1273. Guo Kan yana cikin wannan yaƙi. Ba shi aka kira ba lokacin da ganuwa ta ƙi faɗuwa.

Duk da haka, kuskure ne a tattara komai a watsar, kamar yadda wasu masu zafin suka suke yi har su ce mutumin bai taɓa barin Sin ba. Babu dalilin da zai sa iyali su ƙirƙiri tafiyar shekara bakwai ga mutumin da abokan aikinsa suke raye, suka san inda yake a waɗannan shekaru. Ƙarin gishiri yana bukatar miya a tukunya. Juwaini ya tabbatar da Sinawa a rundunar, muƙamin Guo Kan da aikinsa na kai makamai Karakorum ana gab da tashi sun dace da irin hafsan da za a haɗa da su, gidansu kuma yana da tarihin bin Mongolawa yamma tun daga kaka. Saboda haka ana iya karɓar cewa ya tafi, kuma abu ne mai yiwuwa ƙwarai ya ga tungayen Isma'ilawa, ya tsaya a bakin ganuwar Bagadaza a cikin dubban da suka yi ta ruwan duwatsu a kan hasumiyar Ajami har ta rufta. A nan ne hujjar shirun nan take da gaskiyarta: ƙananan hafsoshi da maƙera da masu jan igiya ba sa shiga littafin waziri, kuma ba don an rubuta tarihin Guo Kan ba, da ko wannan suna ɗaya ba mu samu ba daga cikin gidaje 1,000 da aka kwaso daga arewacin Sin aka kai bakin Dijla. Mai karatun da ya ci karo da shi a wani littafi an kira shi maci Bagadaza, ko gwamnanta, ko abokin Subutai a yaƙin Turai, ya tambayi marubucin inda ya samo, zai tarar ko dai babi na 149 ne, ko kuma abin da ko babin bai faɗa ba. Bayan an gama cin kudancin Sin aka tura Guo Kan ya riƙe Ninghai, ya yi shekara guda a kujerar ya rasu.